Gadar sama ko inuwar bedi: wa ake gina wa Yamai?

Mai Zane (Yantala):
Salamu alaikum ƴan zaure. Tun jiya da aka sako hoton gadar sama ta Diori Hamani ake ta zuba yabo, har wani na cewa a ƙaro mana biyar irinta mu kamo Dubai. Ni zanen gini da tsarin unguwa ne abincina, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ba gaba nake da gada ba. Ta Mali Bero a 2013, ta Martir a 2016, ta Diori Hamani a 2018, duk aiki ne da aka zuba wa kuɗi kuma ya yi kyan gani. Amma gobe da safe wani ya tsaya bakin kasuwar Katako ya duba da idonsa, su wa ke bisa gadar, su wa ke ƙarƙashinta. A sama masu motar kansu ne da masu babur. A ƙasa kuwa ga mai jiran faba-faba, wato ƙaramar bas ta haya, ga ɗan lakkol da jaka a baya, ga ɗan garuwa na tura kura, ga tsohuwa da kaya a ka tana neman inda za ta tsallaka. Na ƙasan nan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne ba a zana wa komai ba.

A Yamai abu biyu ke tsare talaka a gida, nisa da rana. Nisan mu muka jawo shi da hannunmu, muna yanka filaye muna ta miƙewa daji. Ranar kuma maganinta muke sarewa mu kai murhu. Duk tsarin sufurin da bai fara daga nan ba, a wurina ado ne.

Alhajin Kwara Kano:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Zane, ba raini ba, amma wannan karatun ƙasar sanyi ne. Kun je kun ga Turawa na yawo da keke cikin iska mai daɗi, kun dawo kuna so mu yi haka a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40? Ni na san Katako kafin gadar. Mutum ya shiga da la'asar sai ya yi magariba a ciki. Yanzu wucewa nake yi. In wannan ba ci gaba ba ne to mene ne? Kuma wanda ke tafiya a ƙasa yau ba don yana so ba ne. Allah ya hore masa gobe, shi ma mota zai saya.

Mai Zane (Yantala):
Alhaji ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe ai ita ce abin tsoron. In kowane magidanci a garin nan ya sayi mota, ina za mu zuba su? Ƙidayar 2012 ta ba Yamai mutum miliyan ɗaya da ƴan kai, yau kuwa kowa ya san mun wuce nan. Mota guda a tsaye sai an ware mata wajen mita 5 tsawo da 2 da rabi faɗi, kusan ɗaki guda ke nan. Mutanen da faba-faba ɗaya ke kwashewa, in kowa ya shiga motarsa shi kaɗai, layin motoci goma sha wani abu ne. Faɗaɗa hanya kuma sauƙin ƴan shekaru yake kawowa. Wanda da yake haƙura da fita sai ya fito, wanda ke zaune kusa sai ya sayi fili can nesa tunda hanya ta yi kyau, cunkoson ya tashi daga nan ya koma mahaɗa ta gaba. Birnin Seul na Koriya ta Kudu da duk arzikinsa sai da ya rushe wata babbar hanyar sama da ya gina bisa rafi, a 2005 aka buɗe rafin mutane na yawo a bakinsa.

Zancen zafi kuwa, Alhaji, ai hujjata ka kawo. Ba Kopanhagin ta ƙasar Denmark mai sanyi ke buƙatar inuwa ba, mu ne. Ka bi tsofaffin titunan Filato da ƙarfe 2 na rana, inda itatuwa suka haɗe kai ta sama, sannan ka bi sabuwar hanya mai fitilu da fenti wadda ba ko kara a gefenta. A ta farko za ka tarar da mai shayi, mai facin taya, mata na tafe suna hira. A ta biyu ko akuya ba ta tsayawa. Da aka dawo da babban birni daga Damagaram a 1926, Turawan mulki sun zauna Filato, suka bar kwarin Gunti Yena tsakaninsu da unguwannin ƴan ƙasa, suka shuka wa ɓangarensu inuwa. Mu ma mun taɓa sanin haka. A 1965 aka fara dasa dajin bedin da ya kewaye gari, wanda ya kai wajen hekta 2,500. Ku je ku ga yadda gidaje da bola suka ci shi.

Direban Jan Kai:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ban yi boko mai zurfi ba amma kullum ina kan hanyar nan da taksina, jan kai. Malam, inuwa na da kyau, sai dai ni yashi ne matsalata. Mutum ya tsayar da ni ya ce Kwara Tegi ciki, ko bayan Bobiyel. Da na sauka daga gudron mota ta nutse, da damina kuwa taɓo. Dole in ce masa kurs biyu, wato kuɗin tafiya ninki biyu, shi kuma ya ga kamar zalunci ne. Kurs ɗin da muka saba dala 40 ne, to mai aikin gadi da zai biya biyu zuwa biyu dawowa, me ya rage masa na tuwo? Ga motocin tsofaffi, ta Kwatano muka saba samunsu da kayan gyaransu, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 komai ya tashi. Ku masu zane ku ba mu hanya cikin unguwa, ko ta jar ƙasa ce in dai an daddaɓe ta, kafin a zo maganar itace.

Mai Zane (Yantala):
Direba ka yi gaskiya, amma ka tambayi kanka me ya kai mai gadin can bayan Bobiyel alhali aikinsa na Filato. Mun ɗauki tsari guda mun riƙe, kowa da filinsa mita 300 ko 400, ya kewaye da katanga, ya yi gini hawa ɗaya. Fili kuma ya zama kuɗi a hannun hukuma, har akwai lokacin da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. To ana yankawa ne kafin a kai ruwa, wuta, kanibo (magudanar ruwa) ko hanya. Kowace kilomita da gari ya ƙara, sai an bi ta da gudron da bututu da waya, kuma gidajen da za su raba kuɗin kaɗan ne, rabi ma kango ne an kewaye ana jiran ya yi tsada. Babu baitulmalin da zai iya kamo irin wannan gudu. Shi ya sa kake nutsewa a yashi.

Ga wanda ke ganin matsowa kusa da juna al'adar Turawa ce, ya je unguwar Birni ta Damagaram ko cikin ganuwar Kano. Lungu siriri, katangar wannan na yi wa wancan inuwa, masallaci da kasuwa da makarantar allo duk tafiyar ƙafa ce. Daga irin waɗannan garuruwa Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka ɗauko dabarar gidajen da suka gina a unguwar Niamey 2000, aka gama a 2016: gidaje 6 manne da juna, hawa biyu, da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kowane da tsakar gidansa inda iyali za su sake ba mai leƙensu. Ba bene mai hawa 20 nake kira ba. Hawa biyu ko uku, shago a ƙasa, ya isa ya sa a samu fasinjan da bas zai cika.

Hajiyar Wadata:
Ɗana Mai Zane, na karanta duka. Ni abin da nake tsoro daban ne. Duk ranar da muka ji an ce za a gyara gari, mu ne ake fara kora. A 2016 aka bi bakin hanyoyi aka rushe shaguna da rumfuna, mutane nawa suka koma gida ba jari. Da taron Tarayyar Afirka na 2019 ya matso aka sake share wasu wuraren. Yanzu kai ma ka zo da hanyar masu tafiya a ƙasa. To ni da teburina na tumatir da tattasai a ina nake cikin zanen naka? Ko dai ni ce dattin da za a share?

Mai Zane (Yantala):
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bari in zana miki a nan da baki. Ɗauki layi mai faɗin mita 20, irin wanda ke cike da unguwanninmu. Yadda ake yi yanzu, a shimfiɗa gudron mita 7 a tsakiya, a haƙa kanibo a bar shi baki buɗe, sauran mita 13 a bar wa yashi. Iska ta kwaso yashin ta zuba a gudron da kanibon, leda ta bi, ruwan farko na damina ya rasa hanya ya shiga gidaje. Mai ƙafa ya gaji da yashi ya hau gudron, babur ya kwashe shi.

Ni yadda zan raba: mita 6 na motoci, don siririyar hanya da kanta take rage wa direba gudu. Kowane gefe mita 2 na keke da kura da amalanke. Sai mita 2 da rabi na itace, bedi kowane taku goma, kuma a tsakanin itace da itace nan ne wurin teburinki, da lamba, a daɓe ƙasan. Sauran mita 2 da rabi jikin katanga na masu tafiya ne, kanibo na ƙarƙashinsu an rufe da dalla da za a iya ɗagawa a kwashe. Kin ga mai saye na cikin inuwa, ke kina cikin inuwa, ba wanda ya tsaya kan gudron yana ciniki.

Layin da ba mai talla ba mai shayi, mace ba ta son binsa bayan isha'i. Idonku ne tsaron wurin. Kasuwar Dandaji a jihar Tawa, wadda ita dai Mariam Kamara ta zana aka gama a 2018, ba korar ƴan kasuwa aka yi ba. Tsohon itacen da kasuwar ke ci a gindinsa aka bari a tsakiya, aka ƙaro rumfunan ƙarfe zagaye masu launi suna ba da inuwa.

Injiniyan Hanya:
Abokina, ku masu zane kuna da daɗin baki, mu ne ke haƙa. Saiwar bedi na fasa kanibo tana ɗaga daɓe, in ba a sa mata shinge a ƙasa ba cikin ƴan shekaru aikin ya lalace. Sannan dashe ba wuya, raino ne wuya. Kowane 3 ga Agusta muna dasa itatuwa ana ɗaukar hoto, wa ke komawa da bokiti a watan Maris? Awaki na nan, ƴan itace na nan.

Inda na yarda da kai shi ne kanibo. Ni da za a ba ni kuɗin gadar sama guda, magudanan ruwa zan yi da shi. Wanda ya ga Lamorde da Saga da Kirkisoye a Satumban 2020 lokacin da kogi ya ɓalle, ko ya ga yadda ruwa ya yanke hanyoyin fita Yamai a Agustan 2024, ya san babban abokin gabar hanya a ƙasar nan ruwa ne. Cikin unguwa kuma pabe, tubalin siminti da ake jerawa a hanya, ya fi gudron. Samarin unguwa ne ke buga shi su jera, in za a sa bututu a ɗaga a mayar, ba sai an kira manyan injina ba.

Amma in bas mai hanyar kansa kake nufi da ka yi zancen fasinjan da bas zai cika, kar mu ruɗi kanmu. Dakar ta buɗe nata a 2024, wajen kilomita 18, motocin na lantarki, sai dai Dakar a matse take tsakanin teku da teku, fasinja a tare suke. Mu a warwatse muke. Kuma mun ga abin da ke faruwa in an fara da ƙarfe kafin lissafi. Ga tashar jirgin ƙasa an buɗe a 2014, ga dogo har Doso kusan kilomita 140, ina jirgin?

Mai Zane (Yantala):
Injiniya, ni ma ban ce a kwafo Dakar ba. Kuritiba ta ƙasar Barazil da ta fara wannan tsari a 1974, magajin garinta Jaime Lerner mai zanen gini ne kamar ni, kuma abin da ya yi ba sayen bas kaɗai ba ne. Cewa ya yi duk mai son gina bene ya gina a bakin hanyar bas, can ciki a bar ƙananan gidaje. Hanyar da ginin tare suka girma. Mu abin da ke hannunmu yau faba-faba ne da jan kai. A zaɓi hanyoyi biyu ko uku masu jama'a, misali daga wajen filin jirgi ta Talaje zuwa Babbar Kasuwa, a ware musu layi guda da safe da yamma, a yi tasha mai rumfa da benci kowace rabin kilomita, a shigar da direbobin da ke kai yanzu cikin tsarin. Wannan fenti ne da siminti da ɗan sanda mai gaskiya. Saiwar bedi kuma, a ba ta rami mai zurfi nesa da kanibo mita guda, ko a gauraya da wasu itatuwan. Gyaran daɓe ya fi sauƙi a kan gari ba inuwa.

Ɗalibar Harobanda:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni kullum sai na tsallaka kogi. Gadar Kennedy tun 1970 take, da safe komai na kanta lokaci guda, mota, babur, amalanken jaki, wani lokaci har raƙumi da kayansa. Gefen masu ƙafa kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace, ga babur na hawowa kai in hanya ta cushe. An yi ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma wanda ba shi da abin hawa ba zai zagaya can ba, ta tsakiyar gari ce tamu.

Keke zai raba ni da kuɗin taksi gaba ɗaya, daga jami'a zuwa gidanmu ba nisa. Abu biyu ke hana ni. Na farko tsoro, don ba wurin da aka ware. Na biyu baki. A Wagadugu mata na tuƙa keke da goyo da tallarsu ba mai kallonsu, zafinsu kuma ba shi da bambanci da namu. A nan in budurwa ta hau keke sai a ce gidansu an talauce ko ba ta da kamun kai. Yaya Mai Zane, wannan wane zane ne zai gyara shi?

Mai Zane (Yantala):
Ƙanwata, zane ba ya rufe bakin mutane, amma yana rage na farkon. In tsoro ya ragu mata goma suka hau, ta sha ɗaya ba wanda zai waiwaye ta. Babur ma da can ana yi wa mata surutu a kai, yau ga su nan cike da gari.

Ba'adaren Tawa:
Ku mutanen Yamai kun riga kun yi nisa, mu ku yi mana addu'a kar mu bi sawunku. Tawa har yanzu mutum na iya ratsa tsakiyarta da ƙafa, sauran kabu-kabu ya ƙarasa. Da aka yi aikin ƙawata gari na Tawa Sakola a 2017 mun samu gudron da fitilu, mun gode Allah. Sai dai tun daga nan yaran kabu-kabu suka samu filin gudu, yaro bai kai shekara 18 ba, ba hular kwano, ya ɗauko mace da ƴaƴa biyu. Kar wani ya ce a hana, don Kano ta hana acaɓa a 2013 amma can akwai Adaidaita da ta maye gurbi, nan kuwa abincin gidaje da yawa ne. Malam Mai Zane, garin da bai lalace ba tukuna me za ka ce masa?

Mai Zane (Yantala):
Ya daina yanka sabon fili sai ya cika kangayen da ke ciki. Lakkol, asibitin unguwa da kasuwa kar a kai su bakin gari don fili ya fi arha can, tunda arhar a kan iyaye take dawowa kullum da kuɗin kabu-kabu. Gaban kowace makaranta a ɗaga wurin tsallakawa ya yi tudu daidai da gefen hanya, yadda babur dole ya rage gudu. Mutumin da aka buge da gudun kilomita 30 galibi yana tashi, na 60 kuwa sai wani ikon Allah. Ku da kuke da masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya gina da laka har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ba ku rasa masu sanin yadda ake gini da zafin Adar ba.

Alhajin Kwara Kano:
To duk na ji. Amma ba gara a kawo motoci da babura na lantarki a huta ba? Hayaƙi ya tafi, layin mai irin na Maris ɗin 2025 ya tafi, kowa ya riƙe abin hawansa.

Injiniyan Hanya:
Alhaji, da wace wutar? Ka manta 2023 da Najeriya ta yanke mana layi? Tashar hasken rana ta Goru Banda megawat 30 ce, ta taimaka, amma gidaje ma ba ta ishe su ba a lokacin zafi. Babur da Adaidaita na lantarki da ake cajawa da farantin hasken rana a tasha, wannan mai yiwuwa ne. Motar lantarki kuwa a cunkoso wurin da take ci daidai yake da na mai shan esans.

Alhajin Kwara Kano:
Ni dai har yanzu ban ga inda zan aje motata ba a layin Malam mai mita 20. Na lissafa, ya ba keke, ya ba itace, ya ba Hajiya, ni ko taku bai bar mini ba.

Mai Zane (Yantala):
Tsakanin itace da itace, Alhaji, inda ba tebur. Amma da kuɗi, kamar yadda Hajiya ke biyan tikitin meri, wato ofishin magajin gari, kullum a kan wurin da bai kai rabin na motarka ba. Kuɗin a biya wanda zai shayar da itatuwan da Injiniya ke kuka a kansu.

Hajiyar Wadata:
Ba sai an ɗauki ma'aikaci ba. Itacen da ke kan teburina ni zan ba shi ruwa, in kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Amma a ba ni takarda da tambarin meri cewa wurin nawa ne shekara kaza. Ba zan raini bedi ya girma a zo a ce baƙi za su wuce in kwashe kayana ba.

Direban Jan Kai:
Malam, layin da ka ce a ware da safe da yamma, har da mu jan kai ko faba-faba kaɗai? Don in ba mu ciki, sandika, ƙungiyarmu ta direbobi, ba za ta yarda ba, tun yanzu in gaya maka.

Mai Zane (Yantala):
In kana ɗauke da fasinja uku ko huɗu, ka shiga. In kai kaɗai ne kana neman kurs, ka bi layin Alhaji. Wanda ke Bukoki ko Talaje ya auna mini faɗin layinsu daga katanga zuwa katanga, ko da taku ne, ya turo da hoto. Zan zana shi yadda yake da yadda zai iya zama in sako a nan, Injiniya ya yi mana lissafin pabe da kanibo a ga nawa zai ci.

Injiniyan Hanya:
Ku auna har da inda ruwa ke kwanciya da damina da kuma ɓangaren da yake gangarawa, in ba haka ba lissafin ba zai fita ba.